Wanzamin da Bai Dubi Fuskar Ɗiyarsa Ba

Tsofaffin da suka riski Na'Allah wanzami a ƙarshen rayuwarsa ba sa ba da labarinsa sai sun haɗa da cewa mutumin ba shi da kunya. Wai shi ne zai kama haɓar matar mai gari a bainar jama'a, ya ja fatar idonta ƙasa ya leƙa, kamar mai tayin akuya. Ko aski kaɗai ka zo, sai ya buɗe tafin hannunka ya duba, ya latsa farcenka ya saki. Ni dai ban yarda da tsofaffin nan ba. A garin nan duka ba a yi mai kunya irin Na'Allah ba, kuma kunyar ce ta yi masa aika-aika.

Garin ana ce masa Rijiyar Sallau, tsakanin Birnin Lalle da wurin da garin Dakoro yake yau. A lokacin Nasara bai shigo ƙasar ba, wajen duk daji ne, sabara da kalgo da rairayi, sai gonakin hatsi da suka kewaye gari, sai Buzaye da Fulani masu saukowa da dabbobi idan rani ya matsa. Abin da ya tara mutane a wurin rijiya ce guda, mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da saurare kafin ka ji ta taɓa ruwa.

Na'Allah gadon wanzanci ya yi wurin ubansa Tanimu, tare da zabira da asake da ƙahoni tara. Shi ke aski, shi ke kaciya, shi ke cire belu, shi ke yi wa jarirai tsagar gado ranar suna. Amma ƙaho ne ya yi masa suna. Mai ciwon baya, mai ciwon kai, manomin da jiki ya yi wa nauyi bayan damina, duk wurinsa suke zuwa. Sai ya kafa ƙahon, ya tsotse iskar, ya toshe bakin da 'yar jijiyar da ya tauna, in fata ta taso ya yi tsaga, ya sake kafawa. Jinin da ya fito, mai duhu, gudaji-gudaji, kowa ya san sunansa mataccen jini, kuma kowa ya san fitarsa ita ce lafiya. Sharaɗi ɗaya tal Tanimu ya bar masa: kafin ka kafa wa mutum ƙaho, ka ja fatar idonsa ka duba, in ka ga fari ka mayar da kayanka cikin zabira. Tsohon bai faɗi dalili ba, shi ma haka aka ba shi. Na'Allah ya riƙe wannan kamar yadda ya riƙe alwala, ba ya tambayar me ya sa.

Wata bazara ruwa ya ja baya, aka ɗaura wa wani ƙato mai suna Jimrau igiya ya sauka yasar rijiya. Jimawa kaɗan aka kira shi, shiru. Da aka jawo shi, kai ya langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi kamar ya sha ɗinya. Aka shimfiɗe shi a gindin gawo, aka ruga kiran wanzami. Na'Allah ya kafa masa ƙaho biyu a ƙeya, jinin ya fito baƙi ƙirin, ya juye shi a sakaina. Jimrau ya farfaɗo, gari ya ɗauki kabbara, aka ce ƙaho ya yi aiki. Na'Allah ya karɓi yabon, don ba ya ƙin yabo, amma shi ya san tun kafin ya zaro aska ƙirjin Jimrau ya fara ɗagawa da kansa.

Da jama'a suka watse ya koma ɗaukar sakainar don ya binne jinin, sai ya tarar saman ya yi ja zur. Ya sa tsinke ya juya gudan, ƙasan baƙi ne. Ya zauna yana kallo, baƙin nan da ya fito fili shi ma ya fara ja a hankali. Abin ya tsaya masa a rai. In jinin nan matacce ne, me ya tashe shi? Ba abin da ya taɓa shi sai iska, kuma Jimrau ma ba abin da ya rasa a cikin rami sai iska.

Da ya faɗi haka a dandali, sai da aka yi wata guda ana yi masa dariya. Mai gari da kansa ya ce, "To Wanzam, jinin nan, hanci gare shi ko baki, da shika shan iska?" Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Agali, wani Buzu makiyayi da ke sauka bakin rijiyar duk rani, wanda Na'Allah ke yi wa aski yana ba shi cuku. Agali ya ce shi dai in ya yanka rago, jinin da ke kumfa a huhu ya fi na ko'ina ja. Daga nan Na'Allah bai sake ta da zancen ba. Yau ko ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya san jini ne ke ɗibar iska a huhu ya kai wa kowace gaɓa, kuma in ya sauke kayansa sai ya yi duhu ya koma ɗibar wata. Na'Allah ya zo dab da sani, ya tsaya a bakin ƙofa saboda dariyar mutane.

Yana da ɗiya, Ma'u, kuma ita ce ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a ƙasar nan: ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka nuna ka damu. Mutane da yawa suna yin abin sama-sama, a waje su ɗaure fuska, a cikin gida su saki. Na'Allah shi har cikin gida bai saki ba. Uwar Ma'u ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, yayarsa Hanatu, wadda mijinta ya mutu ta dawo gidan, ita ta rene ta. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar Yaya". In ta shigo da ƙwaryar fura sai ya juya kai yana gyaran zabirar da ba abin da ya same ta. Kada wani ya ce ba ya sonta. Duk ayarin gishiri da ya sauko daga Abzin sai ya nemi dabino ya miƙa wa Hanatu ya ce a ba yara, alhali yaro guda ne a gidan. Hanatu takan ce, "Yaran duka sun gode," shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

Ma'u ta girma ta auri wani manomi, Isufu, daga wajen Bader Gula, auren da ita ma take so. Shekara ta zagayo, bayan an gama yankan hatsi ta dawo gida goyon ciki, ta haifi namiji. Haihuwar ta zo da gardama, ta zubar da jini mai yawa, har sai da aka canza rairayin ɗakin sau biyu. Wannan ba zancen maza ba ne, balle uba, balle uban ɗiyar fari. Abin da aka ce wa Na'Allah kawai shi ne an sauka lafiya.

Aka shiga wankan jego. Safe da yamma Hanatu tana tafasa ruwa a babbar tukunya, tana fyaɗa wa mai jego da ganyen sabara, tana ɗura mata kunun kanwa. Bayan suna sai Ma'u ta fara haki. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa zana. In ta miƙe sai jiri, kanta na sara, ƙirjinta na dukan da har daga waje ana ganin zanenta na motsi. Hanatu ta ga haihuwa ta fi talatin, kuma ba ta taɓa yin shakkar abin da ta sani ba. Ta tari ƙanenta a zaure.

"Na'Allah, jinin biƙi na bai gama hita ba, ya hau mata bisa. Ka ɗauko ƙahonka."

"Ni, Yaya? A aika Birnin Lalle mana, akwai wanzami can."

"Yini guda zuwa, yini guda dawowa, in ma an iske shi. Kuma a ce ɗiyar Na'Allah, wani anka ɗauko shi yi mata ƙaho? Bayanta za ka gani, ba huskatta ba. In kunya ta, ni in lulluɓe ta."

Haka kuwa aka yi. Da hantsi aka fito da Ma'u bayan ɗaki, aka zaunar da ita a kan turmin da aka kifa, fuskarta na kallon zana, Hanatu ta rufa mata zane a kai har haɓa. Na'Allah ya zo ya durƙusa a bayanta, idonsa a ƙasa. Sharaɗin Tanimu ya zo masa a rai, ba mantawa ya yi ba. Amma kafin ya ja fatar idonta dole ya ce ta juyo, ya yaye zanen, ya kama haɓarta, ya dube ta ido cikin ido a gaban yayarsa. Abin da ya yi wa baƙo da ɗan gari shekara ashirin, ya kasa yi wa ɗiyarsa. Ya ce a ransa yarinya ce mai jini a jika, me zai sa idonta ya yi fari. Ya dafa kafaɗarta da hannun hagu, ya kafa ƙaho shida.

Jinin da ya fito bai yi masa kama da wanda ya saba gani ba. Tsararo ne, ba kauri, kamar an sirka shi. Hanatu ta leƙa ta ce ai mugun ya ɓuya can ciki, wannan na sama ne, sai an sake. Na'Allah ya wanke ƙahoninsa, ya tambayi yayarsa, ba ɗiyar ba, ko an ji dama. Hanatu ta sunkuya ta tambaya. Daga cikin zane wata 'yar murya ta ce, "Na ji dama, Gwaggo."

Bayan kwana bakwai aka sake. Ta ce ta ji dama. Bayan wasu kwana biyar Ma'u da kanta ta ce wa Hanatu a roƙi Baba ya ƙara mata. Wannan ya kwantar wa Na'Allah hankali, don marar lafiya ba ya neman a maimaita masa abin da bai yi masa amfani ba. Ya yi na uku. A ranar ya ji kafaɗar da ya dafa ta yi sanyi, ga shi kuwa ba ta daɗe da fitowa daga ruwan zafi ba. Ya ji kuma numfashinta, gajere-gajere, kamar na wadda ta yi gudu. Ya koma zaure ya zauna, abinci ya ƙi shiga.

Washegari ya tafi bakin rijiya yi wa Agali aski. Ya tarar da shi tsugune gaban wata tunkiya da ta ware daga garke ta kwanta, cikinta na hawa yana sauka, bakinta a buɗe. Na'Allah ya ce ko ƙishirwa ce. Agali ya girgiza kai, ya kama leɓen tunkiyar ya ɗaga. Dasashin fari fat.

"Ka gani, Wanzam? Ta haihu, ta zub da jini, kaska kuma ta shanye saura. Irin wagga ko taki goma ba ta yi sai ta kwanta tana haki. Iska ga ta nan ta cika daji, tana ja, amma ba ta isarta."

Na'Allah ya tsaya da aska a hannu. A gabansa mata na ta kaiwa da komowa da tuluna tsakanin rijiya da gari. Ranar da masu ɗiba suka yi yawa, kowa tafiya take a natse. Ranar da suka ragu, 'yan kaɗan ɗin da suka saura sai su yi ta sauri, kuma duk da haka randuna ba sa cika, ko da rijiyar ta cika fal. Abin da ya gani a sakaina shekarun baya da abin da ubansa ya hana shi suka haɗu wuri guda. Jini shi ne mai ɗibar iska. Hakin Ma'u da dukan ƙirjinta ba yawan jini ba ne, saurin ɗan abin da ya rage ne. Shi kuma sau uku yana zuwa yana rage shi.

Ya bar Agali da rabin kai a aske, ya nufi gida, zabirar ma a can ya manta ta. Rana tsaka ya shiga, ya wuce Hanatu tana hura wutar wanka, ya ɗaga asabarin ɗakin mai jego, ɗakin da bai taɓa leƙawa ba. Ma'u na jingine da bango, jariri a cinya. Ta yi sauri za ta ja zane.

"Ma'u," ya ce. "Ɗago."

Ba ta ɗago nan da nan ba, ta waiga ta ga ko da wani a bayansa, don ba ta san sunanta da wannan murya ba. Ya durƙusa, ya kama haɓarta, ya ja fatar idon. Fari kamar auduga. Ya buɗe tafin hannunta, ya latsa farce ya saki, babu jan da ya tafi balle ya dawo. Leɓɓanta sun koɗe, fuskar ta ɗan kumbura. Duk wanda ya dube ta sau ɗaya zai gani, ko ba wanzami ba ne. Rabonsa da ya kalli fuskar nan sosai tun tana rarrafe, ga shi kuma kamar uwarta ce aka dawo da ita.

Hanatu ta shigo tana salati, tana cewa me ya same shi, ina kunyarsa. Ya juyo ya tambaye ta jini nawa yarinyar ta zubar ranar haihuwa. Ta ce wannan ba tambayar namiji ba ce. Ya sake tambaya, da muryar da bai taɓa yi mata magana da ita ba. Ta faɗa masa, har da rairayin da aka canza.

"Kuma kinka bar ni ni ɗibi saura?"

"Kai ka tambaya?" in ji Hanatu. Daga nan ta fashe da kuka, don ita ma ta fara ganewa.

Gaskiyarta ce. Bai tambaya ba, bai duba ba. Ya ce daga yau ba ƙaho, kuma a rage zafin ruwan nan. Matan unguwa suka yi ca, suka ce ba a taɓa yanke wa mai jego wanka ba, wanzami ya taɓu. Bai kula su ba. Ya yanka ragon da yake kiwo don layya, ya gasa hantar da hannunsa, yana yankawa ƙanana yana ba ta. Agali ya riƙa aiko da nonon raƙumi kullum da safe. Aka aika wa Isufu ya zo. Na'Allah ya daina fita aiki, wuni yake a ƙofar ɗakin, duk bayan ɗan lokaci ya shiga ya ja fatar idonta ya duba, ko ja ya fara dawowa. Jinin da ƙaho ya ɗiba a hantsi guda, jiki sai ya yi makonni kafin ya mayar, Ma'u kuwa ba ta da makonnin. Ƙafafunta suka kumbura. Ta daina iya kwanciya, sai a zaune, don in ta kwanta numfashi ke gagararta. Nono ya ƙafe, aka kai jaririn wurin wata maƙwabciya mai shayarwa.

Rana ta takwas da daina ƙahon, bayan azahar, ya shiga da ɗan romo. Ta kau da kai, ta ce ba ta iyawa. Ya ajiye ƙoƙon ya zauna kusa da ita. Magana take yi kalma biyu, ta huta, ta ƙara biyu. Shi ya fara. Ya ce ta yafe masa, shi ya cuce ta, da ya dubi idonta tun ranar farko da duk wannan bai faru ba. Ya ce abu ɗaya ne ya kasa ganewa, yadda aka yi ƙahon yake sa ta ji dama, alhali ƙarasa ta yake yi.

"Baba," ta ce, "ban ji dama ba. Ko sau guda."

"To don mi kinka ce kin ji? Don mi kinka ce a ƙara?"

Ta daɗe tana neman numfashin da zai ishe ta.

"Tunda ni yi wayo, hannunka bai taɓa jikina ba sai ran nan da ka dafa ni. Na san in na ce bai yi ba, ba ka sake zuwa."

Na'Allah ya ƙara matsowa. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarta, ta jingina kanta da damtsensa. Hanatu ta leƙo ta gan su, ta saki asabari ta koma. Ana kiran la'asar yana jin ƙirjinta na bugawa da sauri a jikin hannunsa, sannan a hankali, sannan ya daina ji. Bai tashi ba, bai kira kowa ba. Da Isufu ya shigo bayan an idar da salla, sai da ya yi ta fama kafin ya ɓamɓare hannun surukinsa daga kafaɗar matarsa.